Daga Kudai zuwa Zariya: Me Ke Jawo wa Yara Ciwon Daji?

Bayan sallar Isha, tashar motocin Kudai da ke kudu da Haramin Makka takan cika maƙil. Manyan bas-bas suna jere da injinansu a kunne, suna ɗebo masu Umra suna saukewa, warin man dizal ya gauraye da na turare. A cikin hayaniyar ba a rasa jin Hausa, ko daga bakin baƙon da ya zo daga Sakkwato ko Maraɗi, ko daga bakin wanda aka haifi kakansa a Misfala ko Shari'u Mansur. Mutane ne masu asali ɗaya da zama ya raba su gida biyu, kuma irin wannan rabuwa ce masu binciken ciwon daji na yara suke kwaɗayin nazari a kanta, domin takan nuna abin da jini ya ɗauko da abin da wuri ya ƙara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kusan 400,000, daga haihuwa zuwa shekara 19, ke kamuwa da ciwon daji duk shekara. Duk iyayen da likita ya gaya wa wannan labari, tambayarsu ta farko ɗaya ce: "Likita, me ya jawo?" A gida kuwa amsoshi ba sa wuya. Wata ta ce kambun baka ne, wani ya ce sammu, wata kuma ta ɗora wa uwar yaron laifin abin da ta ci tana da ciki.

Abin da bincike ya nuna ya sha bamban. Ciwon dajin manya sau da yawa tarin shekaru ne na taba, giya ko ƙiba. Yaro ɗan shekara uku bai yi tsawon ran da zai tara irin wannan ba. Na yara sau da yawa yakan faro ne daga kuskuren kwafi: yayin da ƙwayoyin jikin jariri ke rabuwa da sauri, tun yana ciki, sai rubutun gado da ke cikin ƙwaya ɗaya ya sami tangarɗa. Masanin sankarar jini Mel Greaves na Landan ya koma ga ɗigon jinin da ake ɗauka a diddigen jarirai 'yan kwanaki bayan haihuwa, ya tarar cewa yara da dama da suka kamu da cutar daga baya an haife su da tangarɗar farko. Aikinsa ya kuma nuna cewa kusan jariri 1 cikin 100 na ɗauke da irinta, amma ƙalilan ne ƙwarai cikinsu ke kamuwa. Sai an sami bugu na biyu bayan haihuwa cutar take tashi.

Wannan batu na bugu biyu ya samo asali ne daga ciwon dajin ido. A 1971 likita Alfred Knudson na Amurka ya lura cewa yaran da suka gaji cutar sukan kamu da wuri, sau da yawa a ido biyu, waɗanda ba su gada ba kuwa a ido ɗaya kuma a makare. Daga baya aka fahimci cewa kowane mutum yana da kwafi biyu na ƙwayar gadon da ke taka wa girman ƙwayoyin ido burki, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda aka haifa da ɗaya a lalace, bugu ɗaya ya rage masa. A 1986 aka gano ƙwayar, wadda ake kira RB1, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na masu wannan ciwo irin na gado gare su.

Alamarsa ta farko kan bayyana a wayar hannu. An ɗauki yaro hoto da dare, fitilar waya ta haska, sai tsakiyar ido ɗaya ya fito fari fat yana ƙyalli kamar na kyanwa, ɗayan kuma ja ko baƙi. Uwa ta goge fuskar wayar da gefen mayafi, ta sake ɗauka, farin yana nan. Idan aka kai yaron ga likitan ido a wannan mataki, galibi ana ceton ransa, wani lokaci har da ganinsa. A asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Malam Aminu Kano, ciwon dajin ido na cikin nau'o'in dajin da aka fi gani a yara, kuma abin da likitoci suka fi kuka da shi shi ne zuwa a makare, bayan ido ya riga ya kumbura ya fito.

Nawa ne rabon gado gaba ɗaya? A 2015 asibitin St. Jude na Amurka ya wallafa binciken da ya duba ƙwayoyin gadon yara 1,120 masu ciwon daji, ya sami kashi 8.5 cikin 100 ɗauke da tangarɗar da aka haife su da ita. Abin mamaki, cikin masu tangarɗar, fiye da rabin waɗanda aka san tarihin danginsu ba a taɓa jin cutar a gidansu ba.

A nan Saudiyya take da abin faɗa. Fiye da rabin aure a ƙasar auren zumunci ne, al'adar da Bahaushe ma ya sani sarai. Auren ɗan wa da 'yar ƙani ba ya haifar da ciwon daji da kansa, kuma mafi yawan 'ya'yansu lafiya lau suke. Sai dai akwai wasu cututtuka da ba kasafai ake gani ba, waɗanda sai yaro ya gaji lalatacciyar ƙwaya daga uwa da uba duka biyu suke bayyana, kamar ƙarancin jini na Fanconi da wata larura da ke hana jiki gyara kurakuran kwafi. Yaran da ke da su sun fi saurin kamuwa da sankarar jini ko ta ƙwaƙwalwa, kuma an fi samunsu a gidajen da iyaye suka haɗa kaka. Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal da ke Riyad, wanda aka buɗe a 1975, ya daɗe yana nazarin irin waɗannan iyalai, yana kuma da cibiyar ciwon dajin yara mai sunan Sarki Fahad. A 2013 ƙasar ta ƙaddamar da shirin karanta ƙwayoyin gadon al'ummarta. Gwajin kafin aure da aka wajabta tun 2004 kuwa sikila da danginta yake nema, ba ya duba ciwon daji.

Rajistar ciwon daji ta Saudiyya tana nuna sankarar jini a kan gaba cikin yara. A yankunan Afirka masu sauro kuwa, wani ciwo ne daban ya daɗe yana jan ragama. A 1958 likitan fiɗa Denis Burkitt, yana aiki a Kampala, ya bayyana wani kumburin muƙamuƙi da ke ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu. A 1961 ya zaga asibitocin gabashi da kudancin Afirka a mota, ya zana taswira, sai ta nuna ciwon yana bin wurare masu zafi da ruwan sama, wato mazaunin sauro. A 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wata ƙwayar bairos a cikin ƙarin. Kusan kowane baligi a duniya yana ɗauke da ita ba tare da ta dame shi ba, amma idan ta haɗu da zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa a jikin ƙaramin yaro, haɗarin yakan ƙaru sosai. Ke nan yaron da ya tashi a busassun duwatsun Makka da ɗan baffansa da ke kwana ba gidan sauro a damunar Zariya ba barazana ɗaya ke gabansu ba, ko da jininsu ɗaya.

Sauran abubuwan muhalli da aka tabbatar ba su da yawa. Likita Alice Stewart ta Oksford ta nuna a 1956 cewa hoton eksire da ake yi wa mai ciki yana ƙara haɗari ga ɗan da ke cikinta. Bayan fashewar tashar nukiliya ta Charnobil a 1986, dubban yaran da suka sha gurɓatacciyar madara sun kamu da ciwon dajin thyroid da ke wuya. Bairos ɗin ciwon hanta nau'in B yana kaiwa ga dajin hanta, kuma da Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafinsa a 1984, adadin yara masu wannan ciwo ya ragu ƙwarai. Saudiyya ta shigar da allurar cikin rigakafin yara a 1989, Najeriya a 2004.

To, hayaƙin tashar Kudai fa? Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji a 2012, bisa hujjar dajin huhu a manya. Game da yara, wasu nazarce-nazarce sun ga ƙarin sankarar jini kaɗan a gidajen da ke bakin manyan tituna, wasu ba su gani ba. Haka batun maganin ƙwari yake. Wahalar aikin ita ce cutar ba ta da yawa, kuma uwar da ɗanta ke kwance ta fi tuna duk abin da ta shaƙa fiye da uwar da nata ke wasa a waje.

Inda lissafi ya fito fili shi ne wajen magani. A ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 suna warkewa, a yawancin ƙasashe matalauta ba su kai 30 ba, saboda jinkirin gano cutar, tsadar magani da yankewa a tsakiya. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa kanta burin kai adadin zuwa 60 cikin 100 a duniya kafin 2030, ta kuma fara da nau'i shida da suka fi jin magani. Sankarar jini da dajin ido da kumburin Burkitt duk suna ciki.