Taron Tsofaffin Ɗalibai: Ko Me Ake Kewa?

Duk lokacin da shekara ta doshi ƙarewa, tsofaffin ɗaliban makarantun kwana na Arewa sukan shiga shirin haɗuwa, aji-aji. Akan kafa kwamiti, a yanka wa kowa kuɗin da zai bayar, a shiga cigiyar waɗanda aka daɗe ba a ji ɗuriyarsu ba. Tun kafin ranar ta zo hira takan ɓarke, mutum mai furfura, wanda ya yi ritaya daga aikin Gwamnati, sai a ji ana kiransa da sunan tsokanar da aka laƙaba masa yana aji ɗaya, kuma ya amsa da fara'a.

Abin mamaki shi ne, yawancin abubuwan da ake tunawa wahala ce. Ƙararrawar asuba cikin hunturu, da wanka da ruwan sanyi, da yankan ciyawa da langalanga, da ɗebo wa siniya ruwa. Ga tuwon nan da aka fi sani da gabza, wanda ba a iya cinsa sai yunwa ta kai intaha, ga garin kwaki da ƙuli-ƙuli da ake ɓoyewa a ƙasan akwatin ƙarfe. A wancan lokaci kowa ƙosawa ya yi ya gama aji biyar ya huta. Yau kuwa su ne abin dariya har da hawaye.

To, amma in an lura, ba gabzar ake kewa ba. Kwalejin Barewa ta Zariya ta isa misali. An kafa ta a Katsina cikin 1921, aka mayar da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, ta sami sunanta na yanzu a 1971. Daga cikinta Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ya fito, da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Janar Yakubu Gowon, da Janar Murtala Muhammed, da Alhaji Shehu Shagari. Ko sunayen gidajen kwananta kansu tarihi ne. Akwai gidan Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawar Kano cikin 1909, akwai kuma na Malam Bello Kagara, marubucin Ganɗoki.

Irin waɗannan makarantu sun tara yara daga larduna dabam-dabam, ɗan sarki da ɗan manomi, Bahaushe da Babarbare da Banufe da Batibi, Musulmi da Kirista, aka sa su cikin ɗaki ɗaya, tufa iri ɗaya, tukunya ɗaya. Hukuma ke ɗaukar nauyin abinci da littattafai, saboda haka yaron da ubansa bai mallaki ko jaki ba yana iya zama likita ko babban sakatare, muddin dai yana da kai. Wannan damar ita ce tsofaffin ɗalibai ke tunawa, ko da ba su faɗa ba.

Al'amura sun sauya sannu a hankali. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya kwararo yara masu ɗimbin yawa zuwa sakandare, ba a jima ba kuma farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, aljihun Gwamnati ya yi rauni, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya ƙara matse shi. Azuzuwa suka cika maƙil, gyara ya gagara, masu hali suka fara janye 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi. Daga baya rashin tsaro ya zo da nasa. A Disamban 2020 aka sace yara fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, a Fabrairun 2021 aka kwashe na Kagara, da 'yan mata 279 na Jangebe, abin da ya sa jihohi da dama suka rufe makarantun kwana na wani lokaci.

Lalle ba a raina ƙoƙarin ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai ba. Sukan gyara aji, su haƙa rijiyar burtsatse, su tallafa wa iyalan abokansu da suka riga mu gidan gaskiya. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yinta a wajen liyafa ba, domin tana ɓata wa mutane cin shinkafa: cikin waɗanda za su taru, mutum nawa ne ɗansa ko jikansa ke kwana a ɗakin da shi ya kwana?

Da yawa daga cikinsu sun riƙe muƙamai a ma'aikatun ilmi da na kuɗi, waɗansu har yanzu suna kai. Kwamitocin shirya taro za su kyauta in sun ware sa'a guda cikin jadawalin ranar, kafin ɗaukar hoto, a zaga ɗakunan kwana da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya da kicin, a kuma zauna da shugaban makaranta a ji yawan malaman lissafi da ke gare shi a bana.