Makaho da faifan DVD: yadda zai juye da hannunsa

A gidaje da yawa a Talata Mafara, Bakura da Maradun akwai tarin faya-fayan DVD na tafsirin azumi, wa'azi da fina-finan Hausa, ƙura tana cin su. Mai gani ya koma waya ya manta da su. Makaho kuwa tun farko faifan bai yi masa adalci ba, domin jerin zaɓin da ke fitowa a talabijin hoto ne zalla, ba ya magana. Sai ya nemi yaro ya danna masa.

Yanzu yana iya raba kansa da wannan jira. Manhajar NVDA, wadda makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina tun daga 2006, tana karanta abin da ke fuskar kwamfuta da murya, kuma kyauta ce, ba kamar takwararta JAWS mai tsada ba. Ana iya ɗaukar ta a filashi a je kowane shago da ita. Idan aka haɗa ta da manhajar VLC, aikin ya zo da sauƙi: a saka faifai, a danna Ctrl da R, a bi da maɓallin Tab, muryar tana faɗin sunan kowane wuri, har a zaɓi MP3. Faifan da ke ɗaukar gigabait 4.7, tafsirin awa ɗaya daga cikinsa bai kai megabait 60 ba idan sauti kawai aka cire. Manhajar juye faifai ta HandBrake ma kyauta ce, amma bidiyo take fitarwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne manhajojin da aka ƙawata da hotuna, maɓallansu ba suna. NVDA ta iso wurin sai ta ce "maɓalli" ta yi shiru. Irin waɗannan, ko nawa aka saye su, ba su da amfani ga makaho.

Wanda ya ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021 ya san darajar karatun da ke cikin memori, wanda ba ya jiran data. Sai dai a juye don sauraron kai. Juyewa a sayar satar fasaha ce, kuma ta daɗe tana karya 'yan fim.

Masu shagunan tura waƙa da ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Abdu Gusau, ku saka NVDA a na'urorinku, ku zaunar da makahon unguwarku ku nuna masa maɓallan.