Tseren Motoci a Tsakiyar Gonakin Shinkafa: Abin da Baƙo ya Tarar a Yeongam ta Koriya ta Kudu

Gabatarwa

Daga shekarar 2010 zuwa 2013, duk watan Oktoba, baƙi daga Turai da Japan da sauran sassan duniya sukan yi tururuwa zuwa wata gunduma mai suna Yeongam, can a ƙuryar kudu maso yammacin Koriya ta Kudu, domin tseren motocin nan da aka fi sani da Formula 1. A cikinsu akwai matuƙa da makanikai da 'yan jarida, akwai kuma 'yan kallo zalla. Galibinsu da koke iri ɗaya suka koma gida, watau wurin ya yi nisa, masauki ya yi ƙaranci, jama'ar ƙasar kuma ba su damu da wasan ba. Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun irin wannan baƙo, daga saukarsa zuwa filin tsere, daga nan kuma zuwa ƙauyukan da ke kewaye da filin, domin a nuna cewa halin da ƙauyukan suke ciki shi ya jawo aka kai tseren can, shi ne kuma ya hana shi ɗorewa.

Hanya da Masauki

Baƙon da ya sauka a babban filin jirgin sama na Incheon, kusa da Seoul, sauran tafiya ke gabansa, domin tsakanin Seoul da Yeongam akwai kimanin kilomita 400. A wancan lokaci jirgin ƙasa yakan ci fiye da awa uku kafin ya kai Mokpo, birnin bakin teku da ya fi kusa da filin. Layin dogo mai sauri na wannan yanki sai a 2015 aka buɗe shi, bayan tseren ya riga ya tashi.

Mokpo gari ne na masunta da jiragen ruwa, mai mutane wajen 240,000 a lokacin, kuma ba a gina shi don karɓar irin wannan taro ba. Manyan matuƙa da shugabanninsu sun sami wuri a otal ɗin kamfanin Hyundai. Sauran jama'a kuwa, har da makanikai da 'yan jarida, an rarraba da yawa daga cikinsu a ƙananan masaukan nan da ake haya na 'yan sa'o'i, waɗanda masoya kan fake a cikinsu. Wannan abu ya zama abin ba'a a jaridun Turai, har ya kusa danne labarin tseren kansa. Da safe kuma sai baƙo ya hau bas, ya haye kogin Yeongsan, ya wuce masana'antu da ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Samho, sa'an nan ya ɓulla cikin wani fili fetal, ba tudu ba kwari, ga gonakin shinkafa sun nuna sun yi ruwan zinariya. A tsakiyarsu ne rumfunan 'yan kallo suke tsaye.

Filin Tseren

Wani Bajamushe mai suna Hermann Tilke ne ya zana hanyar tseren, tsawonta kilomita 5.615. An tsara ta ne bisa zaton cewa wani sabon birni zai tashi a kewayenta, da benaye da otal-otal da matsayar jiragen ruwa na shaƙatawa, ta yadda wani ɓangare na hanyar zai zama titin gari a sauran ranaku. Wannan shi ya sa baƙo yakan yi mamakin ganin katangu daf da hanya, kamar a tsakiyar birni, alhali bayan katangun ba komai sai ciyawa.

Aikin ginin ya yi jinkiri ƙwarai. Hukumar tseren motoci ta duniya ba ta amince da filin ba sai saura ƙasa da mako biyu a yi wasa, kwaltar ma ɗanya ce. Ran 24 ga Oktoba 2010 aka wayi gari da ruwan sama, sabuwar kwalta kuma ta ƙi shan ruwa. Aka fara tseren a bayan motar ja-gaba, wadda ke tilasta wa matuƙa tafiya a hankali in akwai haɗari, amma bayan 'yan zagaye kaɗan aka dakatar da shi na kusan awa guda. Da aka koma, Mark Webber ya yi karo ya fita, injin Sebastian Vettel ya lalace yana kan gaba, Fernando Alonso na Ferrari ya kammala zagaye 55 ya ci, duhu ya riga ya soma shiga. Masu sha'awar wasan har yau suna lissafa wannan tsere cikin waɗanda ba a mantawa da su. Vettel ne ya cinye sauran ukun, na 2011 da 2012 da 2013. A na ƙarshen ne motar Webber ta kama wuta, aka saki motar 'yan kwana-kwana cikin hanya tun ba a tsayar da masu gudu ba, sai ga ta a gaban wanda ke kan gaba.

Wanda ya dawo a shekara ta biyu ya tarar da abin da ya fi ruwan sama faɗa masa gaskiya. Ma'aikatan ƙungiyoyin tsere sun ba da labarin cewa sun iske kayan da suka bari a bara yadda suka bar su, har da abinci a firji. Ashe dai kulle ƙofa aka yi, sai da shekara ta kewayo aka buɗe. Birnin da aka yi alkawari kuwa, ko harsashinsa ba a gani ba.

Ƙasar da aka Ƙwato daga Teku

Abin da baƙo ba zai sani ba, in ba an gaya masa ba, shi ne wannan fili da yake tsaye a kai a da taɓo ne na bakin teku, ruwa ya hau ya rufe shi, ya janye ya bar shi. A 1981 aka kammala madatsar da ta toshe bakin kogin Yeongsan, a farkon shekarun 1990 kuma aka ƙara wata a Yeongam, aka mai da taɓon gonaki. Dalili shi ne shinkafa. Koriya ta sha yunwa bayan yaƙin 1950 zuwa 1953, saboda haka gwamnatocin da suka biyo baya ba su da burin da ya wuce ƙasa ta ciyar da kanta. To, amma kafin a gama cike tekun, cimar mutane ta sake. A 1970 mutum ɗaya yakan ci kimanin kilo 136 na shinkafa a shekara, a 2010 kuwa abin ya sauko zuwa wajen kilo 73. Gonar da aka sha wahalar ƙwatowa sai darajarta ta ragu, aka shiga tunanin abin da za a yi da ita.

Akwai kuma wanda ya yi hasara tun farko. A garin Dokcheon, cikin gundumar, akwai layi guda na gidajen abinci da suka shahara wajen dafa wata halittar teku mai hannuwa takwas da suke kira nakji, wadda ake haɗawa da haƙarƙarin sa a yi romo. A da a taɓon ƙofar gari ake kamo ta. Da madatsa ta zo taɓon ya ƙare, gidajen abincin suka saura, amma daga wasu wurare ake kawo musu kayan.

Cikin Ƙauye

In baƙo ya bar filin tsere ya nausa gabas wajen dutsen Wolchulsan, mai tsayin mita 809, wanda sunansa ke nufin dutsen fitowar wata, zai shiga wata duniya dabam. Oktoba lokacin girbi ne. Zai ga ƙaramin injin girbi yana kai da kawowa a gona, ya ga an shanya shinkafa a gefen kwalta, da jan barkono a tsakar gida, da manyan randunan miyar waken suya a jere bayan ɗaki. A yankin Samho, inda filin tseren yake, zai tarar da mata a bakin hanya suna sayar da ɓaure, domin wannan gunduma ce ke noman fiye da rabin ɓauren ƙasar. Kasuwa kuma kwana biyar-biyar take ci, tana kewaya garuruwa, kamar dai yadda kasuwannin karkara suke ci mako-mako a ƙasar Hausa.

Kowane ƙauye yana da shugaba da suke kira ijang, wanda ke yin sanarwa ta lasifikar da aka ɗaura a kan sanda, yana kuma da zauren taro inda tsofaffi suke wuni tare, su dafa abinci su ci, musamman da hunturu, a kan daɓen da ake ɗumamawa daga ƙasa. Al'adar taimakon juna daɗaɗɗiya ce a wurinsu. Suna da pumasi, watau yau a gonarka gobe a tawa, a da kuma suna da dure, wanda shi ne aikin gayya na ƙauye duka. A ƙauyen Gurim da ke gindin dutsen akwai ƙungiyar gari wadda ta samo asali tun ƙarni na 16, ga tsofaffin gidaje masu rufin tayil da katangun ƙasa. Mutanen wurin suna alfahari cewa nan aka haifi malamin nan Wang In, wanda aka ce shi ya kai littattafan Sin ƙasar Japan, ko da yake masana tarihi ba su haɗu a kan wannan magana ba.

Sai dai duk mai lura zai ga abu guda: hannuwan da ke wannan aiki na tsofaffi ne. Da wuya a ji kukan jariri, makarantun firamare da yawa a karkarar Koriya kuma an rufe su don rashin yara.

Yadda Karkara ta Zama Kango

Asalin wannan al'amari yana komawa ga shekarun da Koriya ta yi arziki. A watan Afrilu 1970 Shugaba Park Chung-hee ya ƙaddamar da shirin Saemaul, watau Sabon Ƙauye. Gwamnati ta raba buhu 335 na siminti ga kowane ƙauye, ƙauyuka fiye da 33,000, ta ce su yi abin da zai amfani jama'a. Waɗanda suka yi abin kirki, kimanin rabinsu, aka ƙara musu siminti da ƙarafan gini. Aka sauke jinka aka sa kwano, aka faɗaɗa hanyoyi, aka gina gadoji, kafin ƙarshen shekarun 1970 wutar lantarki ta kai kusan ko'ina. Ba a musun cewa ƙauye ya gyaru. Amma hanyar da aka faɗaɗa don taki ya shigo, ita ce samari da 'yan mata suka bi suka tafi masana'antu. A 1970 masu zaune a gidajen manoma sun haura miliyan 14, kusan rabin al'ummar ƙasar. A 2010 ba su wuce miliyan 3 da 'yan kai ba, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma sun kai shekara 65. Samarin da suka rage sun rasa matan aure, har ya zama a tsakiyar shekarun 2000 fiye da kashi ɗaya cikin uku na manoma da masuntan da suka yi aure, baƙi suka auro daga Biyetnam da Sin da Filifin.

Lardin Jeolla ta Kudu, inda Yeongam take, ya fi sauran jin jiki. Manyan masana'antun zamanin Park an jera su ne a kan hanyar Seoul zuwa Busan, wadda aka buɗe a 1970, ta ratsa yankin da shugaban ya fito. Jeolla aka bar ta da noma, ga kuma tabon kisan da sojoji suka yi a Gwangju a 1980. Ko hawan ɗan yankin, Kim Dae-jung, kan mulki daga 1998 zuwa 2003 bai tsayar da ƙaura ba. A wannan hali ne gwamnan lardin, Park Joon-yung, ya rungumi shawarar tseren. Lissafinsa shi ne idon duniya zai jawo masu jari, masu jari su gina birni, birni ya riƙe matasa.

Inda Lissafin ya Karkace

Tseren Formula 1 haya ake yin sa. Mai masauki ke gina fili, ya kuma biya masu wasan kuɗi mai yawa duk shekara, ba shi da abin mayarwa sai kuɗin tikiti. Tikiti kuwa sai da jama'a. Koriya tana cikin manyan masu ƙera motoci a duniya, amma ba ta da matuƙi ko ƙungiya a wannan wasa, Hyundai da Kia ma ba sa ciki. Masu kuɗin sayen tikiti suna Seoul da kewayenta, inda kusan rabin al'ummar ƙasar ke zaune, maƙwabtan filin kuwa tsofaffin manoma ne da ke tsakar girbi. An yi ta dabaru, har aka gayyato mawaƙin nan Psy ya kaɗa tutar kammalawa a 2012, shekarar da sunansa ya game duniya, amma gibin bai cike ba. Ginin filin ya ci sama da won biliyan 400, hasarar gudanar da wasan a shekara huɗu ta kai wajen biliyan 190, kuma lardin da ke cikin mafi ƙarancin samu a ƙasar shi ya ɗauki mafi yawan nauyin. Yarjejeniyar ta shekara bakwai ce, amma a 2014 aka cire Koriya daga jadawali.

Baƙon da ya yi ƙorafin rashin otal gaskiya ya faɗa, sai dai ya ɗauki abin a kan sakaci ne na masu shiri, alhali yankin da ke da otal-otal da jama'a ba shi da bukatar ya ci bashi don ya sayo kwana uku na idon duniya. Bayan 2013 an ci gaba da amfani da filin wajen tseren cikin gida da gwajin motoci. Mutanen gundumar Yeongam, waɗanda suka kai wajen 60,000 sa'ad da aka fara tseren, sun ƙara raguwa, a 2023 kuma fiye da rabin manoman Koriya sun kai shekara 65.