Soron da Jamus ta ɗauka, Jibiya ta ajiye

A 1927 aka buɗe unguwar Weissenhof a birnin Stuttgart na Jamus: gidaje farare, babu ado, rufinsu shimfiɗaɗɗe. 'Yan adawa suka yi ta mata ba'a wai ƙauyen Larabawa ce, har aka buga katin hotonta da raƙuma a ciki. Rufin da suka raina kuwa kusan soro ne, irin wanda maginan Katsina suka daɗe suna ɗorawa a kan azara.

Larura ce ta haifi wannan salo. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ma'aikata na cunkushe a ɗakuna marasa iska, tarin fuka na cinsu. A Frankfurt, tsakanin 1925 da 1930, Ernst May ya jagoranci gina gidaje kusan 12,000 da kuɗin harajin haya. Hukumar birni ce ta yanka filaye, ta ja tituna da magudanan ruwa, sannan gini ya biyo baya.

Mu siminti ya iso mana, tsarin ya tsaya a hanya. Wanda ya bi titin Katsina zuwa Magama, bakin iyaka, zai ga shagunan bulo da rufin kwano sun jeru har gefen kwalta, haka kuma daga Ɗan Isa zuwa Maraɗi. Ba a ga laifin mai gini ba. Gidan ƙasa na son yaɓe kafin kowace damina, kuma gayyar da ke yin wannan aiki ta ja baya. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada, ga shi tsawonta ne ke yanke wa ɗaki faɗi. Ɗan kasuwar da ya samu a harkar iyaka kuma so yake a ga alama. A idon jama'a tubali ya zama shaidar rashi, ko da yake hasumiyar Gobarau da tsohuwar Kwalejin Katsina ta 1922, dukansu na ƙasa, suna nan tsaye.

Ribar a fili take: bulo ba ya narkewa a ruwan Agusta. Amma ɗakin kwano a watan Afrilu tanderu ne, sai fanka, fanka sai wuta, wutar kuma sai an gani. Mafi muni shi ne gini ya riga magudana isa fili. Ambaliyar Yulin 2018 ta kashe mutane fiye da 40 a Jibiya, ta rusa ɗaruruwan gidaje.

Yanzu ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, zai ratsa Jibiya. Tasha na jawo rumbunan kaya, masauki da dillalan filaye. In hukumar tsara birane ba ta riga dillalai shata tituna da hanyoyin ruwa a kewayenta ba, gyaran baya sai da rusau da biyan diyya.