Shirin Musamman: Minti 45 a Gaban Mai Intabiyu

Shirin yau na matasa ne da suka gama digirin kwamfuta, suka kammala bautar ƙasa, ga shi kuma an kira su intabiyu a kamfanin rubuta manhaja.

A kamfanoni irin su Google da Amazon, zama ɗaya yakan ci minti 45 zuwa awa guda. Matsala za a ba ka, ka warware ta mai tambaya na kallo, ko a allo ko ta intanet. A nan da yawa ke tuntuɓe, kuma abin yana damuna: yaro ya san amsa sarai, sai ya yi gum yana ta rubutu, alhali tunaninsa aka zo ji.

A ce an ba ka sunaye miliyan ɗaya jere bisa haruffa, ka nemo guda. Kafin ka taɓa komai, tambayi mutumin: in sunan babu shi fa, me manhajar za ta ce? Daga nan faɗi hanya mai sauƙi da bakinka, wato a bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda in an yi rashin sa'a sai an duba miliyan ɗin kaf. Sai ka ce tunda a jere suke, a buɗe tsakiya, a yar da rabin da sunan ba ya ciki, a sake raba saura. Dubawa 20 ta wadatar. Ko ba ka ƙarasa rubutun ba, mai tambayar ya riga ya ji yadda kanka ke aiki.

Wurin gwaji akwai LeetCode da HackerRank, ga kuma littafin Gayle Laakmann McDowell, Cracking the Coding Interview. Amma kada ka haddace amsoshi, domin da an ɗan karkata tambayar, haddar ta watse. Gara ka sami aboki ya zauna a matsayin mai tambaya, ya sa agogo, kana yi kana bayani da Turanci, yaren da za a yi intabiyun da shi.

Aikinka na shekarar ƙarshe ma za a tono shi. Ɗora shi a GitHub, ka shirya faɗin inda ya ba ka wuya da yadda ka gyara. In ta intanet ne zaman, caja kwamfutarka tun dare, ka tanadi layin waya na biyu da data a kai.