Yadda Japan ta raba ƙuri'a da haraji a 1925

A zaɓen farko na Majalisar Wakilan Japan, wanda aka gudanar ranar 1 ga Yuli, 1890, masu hannu da shuni ne kaɗai suka kaɗa ƙuri'a. Doka ta gindaya sharaɗin cewa mai zaɓe ya zama namiji ɗan shekara 25 zuwa sama, kuma yana biyan gwamnati harajin aƙalla yen 15 a shekara. Mutum kusan 450,000 ne suka cika wannan sharaɗi, wato kimanin kashi 1 cikin 100 na al'ummar ƙasar, galibinsu masu manyan gonaki.

Sannu a hankali aka riƙa sassauta sharaɗin. A 1900 an rage kuɗin zuwa yen 10, aka kuma fara jefa ƙuri'a a asirce. Bayan tarzomar tsadar shinkafa ta 1918, gwamnatin Firaminista Hara Takashi ta mayar da shi yen 3 a 1919. Duk da haka ma'aikata, ɗalibai da 'yan jarida sun ci gaba da zanga-zanga a Tokyo suna neman a soke shi baki ɗaya.

An biya wannan buƙata a 1925, ƙarƙashin Firaminista Kato Takaaki. Sabuwar dokar ta bai wa maza 'yan shekara 25 zuwa sama damar zaɓe ba tare da duba haraji ba, lamarin da ya ɗaga yawan masu zaɓe daga kimanin miliyan 3 zuwa sama da miliyan 12. Sai dai ba ta haɗa da mata da masu rayuwa kan tallafin talakawa ba.

A wannan shekarar dai majalisar ta zartar da Dokar Kiyaye Zaman Lafiya, wadda ta haramta duk ƙungiyar da ke neman sauya tsarin sarauta ko soke mallakar dukiya. An yi zaɓen farko a sabon tsari ranar 20 ga Fabrairu, 1928, inda jam'iyyun ma'aikata da manoma suka sami kujeru 8. Kafin wata guda ya cika, a ranar 15 ga Maris, 'yan sanda suka kame ɗaruruwan mutanen da ake zargi da gurguzu.

Ƙuri'a ta yawaita, amma iko bai koma hannun masu zaɓe ba: Majalisar Dattawa ta 'yan sarauta ba talakawa ke zaɓenta ba, kuma sojoji ga Sarki suke yi wa biyayya kai tsaye. Mata kuwa sai a Disamban 1945 suka sami 'yancin zaɓe, inda 39 daga cikinsu suka lashe kujeru a Afrilun 1946.