Daga sipa na Nima zuwa birij: yaushe ya dace a tare hanya da kati mara ƙarfi?

A majalisun matasa na Nima da Maamobi a birnin Accra, waɗanda ake kira "bes", sipa na cikin wasannin kartar da aka fi sani. Kowa na karɓar kati biyar, kuma zagayen ƙarshe ne kaɗai ke kawo maki. Wanda ya cinye shi da ƙaramin kati kamar 6 ko 7 ya fi samun maki, don haka ɗan wasa kan riƙe ƙaramin katin har ƙarshe, ko da zai iya tashi a tutar babu. Irin wannan kasada mai lissafi ita ce masu wasan birij suka shafe shekaru suna muhawara a kanta.

Birij ba wasan da aka saba gani a zango ba ne, amma yanzu duk mai waya yana iya buga shi kyauta a dandali irin su Bridge Base Online. Ba'amurke Harold Vanderbilt ne ya tsara lissafinsa na zamani a 1925, aka kafa hukumarsa ta duniya a 1958. A gasa maki ake ƙirgawa, ba kuɗi ba, kuma kati iri ɗaya ake bugawa a teburori daban-daban domin a rage tasirin sa'a.

Yadda ake tayi

Mutum huɗu ke wasan, biyu-biyu, kowa da kati 13. Kafin a fara jefa kati ana yin tayi kamar a gwanjo, abin da 'yan belot na Yamai da Maraɗi suka sani. Kowane ɓangare na faɗin yawan zagayen da zai ci da kuma dangin katin da zai zama atu. Tayin "ɗaya" na nufin zagaye bakwai, "uku" kuma tara. Ana auna ƙarfin hannu da maki: As 4, Sarki 3, Sarauniya 2, Jak 1. Yawanci sai mutum yana da kusan 12 yake buɗe tayi.

Tayin tare hanya, wanda Faransawa ke kira barrage, ya saɓa wa wannan ƙa'ida. Mai kati bakwai na dangi ɗaya, amma makinsa bai kai 10 ba, sai ya tsallake ya ce "uku". Idan ya ce uku a pik, ya rufe matakan tayi 13 da ke ƙasa. Abokan hamayya, waɗanda galibi su ke riƙe da manyan kati, ba su da sauran filin da za su gane abin da ke hannun juna. Dole su yi ƙiyasi.

Lissafin asara

Mai tare hanya ya san da wuya ya cika alkawarinsa. Yana sayen ƙaramar asara ce domin kauce wa babba. Abin da ke yanke hukunci shi ne ko ɓangarensa na cikin "ja", wato halin da tara ke ƙaruwa, ko kuwa "kore".

Misali, mutum na da pik bakwai, ciki har da Sarki, Sarauniya da Jak, ba wani abu kuma. Zai iya cin zagaye shida shi kaɗai. Idan ya yi tayin tara, aka ninka masa, abokinsa bai taimaka da komai ba, ya gaza da uku. A kore tarar maki 500 ce. Idan abokan hamayya suna ja kuma da an bar su za su ci 620, ya tsira da ribar 120. Amma in shi ne a ja, gazawar nan 800 ce, ya kai kansa mahauta ke nan.

Daga nan ƙa'idar "biyu da uku" ta fito, wadda ake dangantawa da Ely Culbertson: a ja kada tayi ya wuce abin da ke hannu da fiye da zagaye biyu, a kore kuma uku.

Wurin zama da ingancin kati

Wanda ya fara magana yana fuskantar hannu uku da bai sani ba, biyu na abokan hamayya, ɗaya na abokinsa, don haka kasadar ta fi cutar da su. Na biyu ya fi kowa bukatar taka-tsantsan, domin ɗaya daga cikin abokan hamayya ya riga ya nuna ba shi da ƙarfi, ƙila abokinsa ne zai toshe wa hanya. Na uku ya fi sakewa, tunda abokinsa ya riga ya wuce.

Sannan makin ya kasance a cikin dogon dangin. Hannun da ke da As a wasu dangogi ya fi amfani wajen hana abokan hamayya cika nasu alkawarin.

Tsofaffi da 'yan zamani

A shekarun 1980 Amurkawa Marty Bergen da Larry Cohen sun yi suna da tare hanya da hannuwan da magabata za su wuce da su. Cohen ya dogara da nazarin Bafaranshe Jean-René Vernes, wanda ya nuna cewa yawan atu a hannun abokai biyu na nuna matakin da za su iya kaiwa lafiya. A 1987 aka ƙara tarar gazawa da huɗu a kore, idan an ninka, daga 700 zuwa 800, abin da ya ƙara wa gangancin tsada.

A yau manyan 'yan wasa sun fi na da yawan tare hanya, musamman a kore. Ga mai koyo kuwa, abu mafi muhimmanci shi ne ya daidaita da abokinsa tun kafin a raba kati. Idan "uku" na nufin zagaye shida yau, gobe huɗu, abokin ne zai fara ruɗewa kafin abokan hamayya.